Jakar Gaban Keke: Abin Da Za A Sa Mata, Da Abin Da Ba Za A Sa Ba

Tun ranar 29 ga watan Mayu 2023 da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, tafiya ta zama abin da sai an yi lissafi kafin a fita. Litar man da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a shekarar 2024 kuma ta kai Naira 1,000 har ta wuce. Kuɗin mota da na kabu-kabu suka bi bayanta. Shi ya sa a ƙauyuka da dama da muke zagayawa, har da cikin garin Sakkwato, kekunan da aka jingine a bayan rumbu shekara da shekaru an kakkaɓe su, an sa musu sabuwar taya, sun koma kan hanya. Mai bishara da ke da ƙauyuka uku ko huɗu a hannunsa, malamin makaranta, ma'aikacin lafiya na ƙauye, magidancin da ke kai kayan lambu kasuwa, duk sun koma ga keke.

Abin da muke gani kuwa shi ne, hawan keke kowa ya iya, amma ɗora masa kaya ba kowa ya iya ba. Yawancinmu hanya biyu muka sani. Ko dai a jibge komai a kan kariya ta baya a ɗaure da roba, ko kuma a rataye leda biyu ko uku a hannun keke a tafi suna lilo. Ta farkon tana gajiyar da keke, ta biyun kuwa tana iya kai mutum asibiti. Akwai hanya ta uku da muke so mu yi bayaninta a wannan fitowa, wato babbar jaka ko kwando da ake ɗaurawa a gaban keke.

Me ya sa ba za a sa komai a baya ba?

Irin kekunan da muka saba da su, Phoenix da Raleigh da Hero da Avon, mutum yana zama a kansu a miƙe, sirdi kuma yana kusa da tayar baya. Saboda haka tun kafin a ɗora ko tsinke, wajen kashi biyu cikin uku na nauyin mahayi a kan tayar baya yake. Idan aka ƙara buhu da jarka da jakar littattafai, duk a wuri ɗaya suke sauka. Wannan ne dalilin da ya sa tayar baya ta fi saurin cinyewa, ta fi yawan faci, kuma a nan ne wayoyin taya suke tsinkewa har ƙafar keken ta karkace. Gaban keke kuma sai ya yi sakayau. Wanda ya taɓa hawan tudu da buhun masara a baya ya san yadda tayar gaba ke neman tashi sama kamar doki ya yi tirjiya.

Ban da wannan, abin da ke bayanka ba ka ganinsa. Roba ta kwance, katin asibiti ya zame ya faɗi, ba za ka sani ba sai ka isa. Kuma duk lokacin da kake son shan ruwa ko ɗauko waya, sai ka sauka, ka kwance, ka sake ɗaurewa. Mutum kan ƙi shan ruwa don gudun wannan wahala, a zafin Sakkwato kuwa wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

Jakar gaba tana maganin waɗannan. Tana rage wa baya nauyi, kayanka masu muhimmanci suna gaban idonka, hannunka yana kai musu ba tare da ka kwance komai ba.

Ba sabon abu ba ne. A Faransa, tun shekaru masu yawa da suka wuce, masu tafiya mai nisa a kan keke a gaba suke sa jakarsu, taswira a samanta, abinci da rigar ruwa a ciki. Suna da wata tafiya mai tsawon kilomita 1,200 daga Faris zuwa Brest da dawowa, wadda aka fara a 1891, har yau kuma ana ganin masu irin wannan jaka a cikinta. Masu rarraba jaridu a birnin Faris a tsakiyar ƙarnin da ya wuce ma a gaba suke ɗora tulin jaridu, a kan kariya mai faɗi. A Japan kuwa kwando a gaban keke shi ne abin zuwa cefane. Kekunan gwanjo 'yan Japan da ake sayarwa a kasuwanninmu yawancinsu da kwandonsu suke zuwa. Mukan ga matasa sun cire shi sun yar, wai keke ya fi kyau ba shi. A ganinmu sun yar da abin da ya fi komai amfani a jikin keken.

Nauyi nawa za ta ɗauka?

A nan ne ya kamata mu dakata mu fahimci abin sosai, domin a nan ake samun matsala.

Duk abin da aka ɗora a gaba, tare da hannun keke yake juyawa. Idan ka karkata hagu, nauyin ya bi ka hagu, kuma ba ya son tsayawa inda kai kake son tsayawa. In nauyin yana sama, yana nesa da wuyan keke, yana kuma lilo, to shi ne zai riƙa tuƙa keken, ba kai ba. In kuwa yana ƙasa, ya matso kusa da wuya, an kuma ɗaure shi tam, da ƙyar za ka ji akwai shi. Abu uku ke nan za mu riƙe: ƙasa, kusa, kuma a ɗaure.

Jakar da aka rataye a hannun keke kawai, babu abin da ya tallafe ta daga ƙasa, kada ta wuce kilo 5. Kamfanonin Turai da ke yin irin wannan jaka ma kilo 5 zuwa 7 suke rubutawa a matsayin iyaka. Ba kowa ke da sikeli a gida ba, amma kowa ya san ledar ruwan sha ta fiya-wata. Kowace ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. Guda 10 su ne kilo 5. Ka zuba guda 10 a leda ka ɗaga da hannu ɗaya, ka riƙe wannan nauyi a zuciyarka. Duk ranar da jakarka ta fi haka, ka rage ka mayar baya.

Idan kuwa akwai ƙaramar kariya ta ƙarfe a gaba, wadda ƙafafunta suka sauka a kan gindin tayar gaba, jakar kuma tana zaune a kanta, ana iya kai kilo 8 zuwa 10. Dalili shi ne nauyin yana sauka kai tsaye a kan taya, ba ya rataye a hannu. Muna ba da shawara a tsaya a nan. Mun sha ganin masu sayar da ruwa da masu kai kankana suna ɗora abin da ya ninka haka sau uku, suna kuma isa lafiya, amma waɗannan sun shekara suna yi, a hankali suke tafiya, kuma kekensu ba ya daɗewa fok bai lanƙwashe ba. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ban da nauyin jarkar kanta. Wurinta baya ne. Buhun hatsi, taki, siminti, itace, duk baya. Akwai wani keke da ake kira Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief da aka kafa a 2005 take rabawa a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, an gina kariyarsa ta baya don ta ɗauki kilo 100. Ko su da suka yi keken musamman don kaya, a baya suka sa babban nauyi.

Sai maganar rairayi. Hanyoyin ƙauyukanmu, musamman da rani, yashi ne. Tayar gaba mai nauyi tana nitsewa cikin yashi, ta kauce gefe, ta kayar da mutum. Wanda ya san hanyarsa rairayi ce ya rage kayan gaba fiye da yadda muka faɗa, in ya iso wuri mai zurfi kuma ya sauka ya tura. Ba abin kunya ba ne.

Ledar da ke lilo

Muna roƙon iyaye su karanta wa yara wannan sashe. Leda ko jaka mai dogon madauri da aka rataye a hannun keke, tana sauka daidai inda wayoyin tayar gaba suke juyawa. Idan bakin ledar ko madaurin ya shiga tsakaninsu, tayar gaba tana tsayawa cak nan take. Keken ya tsaya, mahayi bai tsaya ba. Ta saman hannun keke zai wuce, kuma fuska ko kafaɗa ko wuyan hannu ne suke fara taɓa ƙasa. Karayar ƙashin kafaɗa da zubewar haƙoran gaba daga irin wannan faɗuwa suke fitowa. In a kan kwalta ne, mota na biye, abin ya wuce haka. A tsakiyar aikin damina, magidanci ya karya kafaɗa, wa zai yi noman? Gida guda zai iya rasa amfanin shekara saboda ledar tumatir.

Haka nan kada a zaunar da yaro a cikin kwando ko a kan hannun keke. Ba a yi kwando don ɗaukar mutum ba, kuma ƙafar yaro tana shiga waya kamar yadda leda ke shiga.

Yadda za mu samu jaka ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba

Ba sai an nemo ta ƙasar waje ba. Duk abin da ake bukata yana cikin garin Sakkwato, daga Babbar Kasuwa zuwa Tsohuwar Kasuwa, yawancinsa ma ana samu a kasuwannin ƙauye.

Mafi sauƙi shi ne kwandon keke na gwanjo a wurin masu sayar da kayan keke. A duba ya zo da ƙafafunsa biyu da ƙarfen da ke kama shi a wuya. A sa tsohuwar jakar makaranta ko jakar buhu a ciki, a ja raga ko roba a samansa don kada kaya su yi tsalle su fita a kan gargada.

Wanda ke son jaka ta sosai, ya je wurin mai ɗinkin tampol ko mai ɗinkin kujerar mota, ko kuma baduku. Sakkwato ba baƙuwar fata ba ce. Fatar jar akuyar nan tamu, wadda majema ke jemewa da bagaruwa, ita ce aka riƙa ketare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Sai dai mu faɗi gaskiya: jakar fata zalla tana da nauyi, tana da tsada, ruwan sama kuma yana ɓata ta in ba a shafa mata mai. Abin da ya fi dacewa shi ne jikin jakar ya zama tampol, madauri da kusurwoyi su zama fata, domin nan ne wurin da ke saurin cinyewa.

Ga awon da za a gaya wa mai ɗinki: faɗi santimita 30, tsayi 22 zuwa 25, daga gaba zuwa baya 20. Faɗin ya kai wajen taƙi ɗaya da rabi na babban mutum. Irin wannan jaka tana ɗaukar abin da ya kai lita 13 ko fiye kaɗan, kuma babbar rajista tana shiga ba tare da an naɗe ta ba. Kada a bari faɗinta ya kai inda ake riƙe hannu. Dole yatsu su sami wurin kama birki a sake.

Jaka mai laushi tana lotsawa, ta sauka a kan taya, tayar ta huda ta. Maganin wannan yana cikin kowane gida: fasasshiyar jarka. A yanka ta, a fitar da falle mai faɗi, a lanƙwasa shi ya rufe ƙasa da gaba da baya, a zura cikin jakar. A tabbata dai ba jarkar maganin ƙwari ko ta fetur ba ce. Wasu ma jarka mai lita 10 suke yanke wa sama, su huda ta, su ɗaure a kan kariyar gaba da noti, ta zama akwati. Ba ta da kyan gani, amma ruwa ba ya shiga ta ƙasa, ƙaya ba ta huda ta.

Murfin jaka ya riƙa buɗewa daga wajen mahayi, wato maɗaurinsa yana kusa da kai, ɗinkinsa yana can gaba. Ta haka za ka buɗe ka ga ciki kana tsaye a kan keke. Ya kuma sauko ya rufe bakin jakar da kamar yatsu uku a kowane gefe saboda ruwa da ƙura. Mun fi son maɗauri na fata da ƙarfe ko maɓalli a kan zif. Ƙurar hunturu tana cika haƙoran zif, kafin rani ya ƙare ya daina kamawa. A zaɓi tampol mai haske, fari ko ruwan ƙasa. Baƙar jaka a ranar watan Afrilu tanda ce.

A ƙara mata madaurin rataya a kafaɗa, amma wanda ake cirewa ko a cusa shi ciki lokacin tafiya. Amfaninsa shi ne, in ka isa kasuwa ko asibiti, ka cire jakar ka shiga da ita, ka bar keke a kulle.

Wurin mai walda

Ƙaramar kariyar gaba aikin awa ɗaya ne ga mai walda. Rodi siriri ya isa. Ƙafa biyu su sauka a kan gindin taya, noti ya danne su, sama kuma a kama ta a wuyan fok ko a ƙarfen da ake rataya fitila. Abu biyu za a kula. Na farko, kada a yarda ya liƙa kariyar a jikin fok da wuta. Zafin walda yana raunana ƙarfen fok, ranar da zai karye kuwa ba ya sallama. Da noti za a ɗaure. Na biyu, bayan an sa ƙafafun kariya a gindin taya, a duba notin ya shiga sosai, ba a bakin zare kawai ya tsaya ba. In gindin ya yi gajere a sauya mai tsawo.

Tsakanin ƙasan jaka da taya a bar aƙalla yatsu uku. Sa'an nan a duba birki. Phoenix da Raleigh na da birkin sanda, sandunan kuma ta gaban wuya suke sauka, daidai inda jaka ke jingina. Idan jakar ta danne su, birki zai yi tauri ko ya ƙi komawa. Kekunan Japan da sauran masu birkin waya kuwa, jaka tana iya lanƙwasa wayar har ta karye a ciki. A cika jakar da kaya, a juya hannu hagu da dama har ƙarshe, a matsa birki a kowane gefe, a ga yana kamawa yana saki. Fitila ma kada jaka ta rufe ta. A mayar da ita gaban kariya ko gefen fok.

Kafin a hau titi, a gwada a fili, ko harabar makaranta ko ta majami'a. A yi kwana hagu, a yi dama, a taka birki da ƙarfi, a saki hannu ɗaya kamar za a nuna alamar kwana. Wanda bai iya sakin hannu ɗaya ba da jaka cike, kayansa sun yi yawa.

Abin da ke shiga gaba

Gaba wurin abu mara nauyi ne mai daraja, da abin da ake bukata a hanya. Katin asibiti da katin rigakafin yara, takardun makaranta, rajistar ƙungiyar adashi, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi ga mai zuwa sujada a wani ƙauye, gorar ruwa, abin tsaraba, fitilar hannu. Takardu a sa su cikin leda kafin a sa a jaka, ko da rani ne, domin gorar ruwa tana yoyo. Mai nauyi a ƙasa kuma ta wajen mahayi, mara nauyi a sama. In jakar ba ta cika ba, a cusa tsumma ko riga don kada kaya su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan.

Cefanen yau da kullum, tumatir da attarugu da albasa da kifi da ɗan mai, jakar gaba ta fi kariya sauƙin kai su gida lafiya, domin roba ba ta matse su. Ƙwai kuwa a shimfiɗa musu buntu ko ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa a cikin kwano mai murfi.

Kuɗi mai yawa a jiki ake sa shi, ba a jaka ba. A cunkoson bakin kasuwa, jakar da ke gabanka ma hannu na iya shiga cikinta lokacin da kake kallon Keke Napep da ke neman taka ka.

Akwai abubuwan da ba za su shiga ba ko kusa. Maganin feshi da maganin ƙwari irin su fiya-fiya, da fetur da kananzir, kada su haɗu da abinci ko ruwan sha a jaka ɗaya, ko da murfinsu a rufe yake. Girgizar hanya tana sa kwalba tsatsa, tampol kuma yana shan abin ya riƙe. A yi musu wuri daban a baya. Adda da lauje da fartanya a naɗe bakinsu a ɗaure su a jikin sandar keke, baki yana kallon baya.

Ga masu aikin lafiya da masu karɓo wa maƙwabta magani daga gari, akwai maganar zafi. A duba kwalin magani, yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30, wasu 25. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafin rana yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar jaka a rana kuwa ya fi haka. A naɗe maganin cikin tawul a tsakiyar kaya, a yi tafiyar da safe, kada a bar keke a rana da magani a ciki. Allurar rigakafi tana bukatar digiri 2 zuwa 8, saboda haka ba ta fita daga akwatin sanyinta, akwatin kuma a baya ake ɗaure shi a rufe shi daga rana. Masu ciwon suga da ke karɓo insulin su nemi bayani daga wanda ya ba su kan yadda za su kai shi gida. Wayar hannu ma zafi yana kashe batirinta, a sa ta ƙarƙashin tufafi.

Doguwar tafiya

Keke mai kaya a hanya mai kyau yana yin kilomita 12 zuwa 15 a awa, in mahayi ba ya tsere. Daga Sakkwato zuwa Kware, wajen kilomita 20, tafiyar awa ɗaya da rabi ce. Illela ta haura kilomita 80, wannan kuwa wuni ne, kuma ba na wanda ya fara hawa jiya ba. A hanyar burji ko yashi a ninka lokacin.

Da rani a fita da zarar gari ya fara wayewa, a sauka kafin ƙarfe 11, a huta a inuwa har la'asar. Ruwa shi ne babban kaya. A zafi mutum yana bukatar rabin lita zuwa lita ɗaya kowace awa. Gora ɗaya a jakar gaba inda hannu ke kaiwa, sauran a baya, in ta ƙare a sauya. A riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya kama. A riƙe ƙullin gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, irin haɗin da iyaye mata suka sani na gudawa. Idan mutum ya fara jin jiri, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗaurewar jijiya, ya sauka nan take ya nemi inuwa, ya jiƙa jikinsa, ya sha. Idan abokin tafiya ya fara magana ba kan gado, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a jiƙa shi sosai a nemi abin hawa zuwa asibiti, kada a jira.

Kayan gyara su sami ɗan aljihu nasu a cikin jakar: famfo, faci da sholisho, ɗan yankin sanfefa, sifana mai kama notin taya, filaya, robar bawul, da guntun waya. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba su san ka yi nisa da mai faci ba. Wanda bai iya faci ba ya zauna wurin mai faci rabin yini ya koya kafin ya yi doguwar tafiya. A ƙara ƙulli-ƙulli ko gyaɗa ko dabino, da babbar leda ko rigar ruwa in damina ce.

Dole mu faɗi maganar tsaro. Shekarun nan wasu hanyoyin gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma hali yana canjawa daga mako zuwa mako. A tambayi direbobin tasha da mutanen garin da za a je kafin a fita. A tafi mutum biyu ko uku, a gaya wa na gida hanyar da za a bi da lokacin isa, kada dare ya yi wa kowa a daji. In an ce hanya ba kyau, a fasa. Babu taron da ya kai ran mutum.

A kan kwalta kuma a riƙe hannun dama, a gefe. Manyan motocin siminti da ke fitowa daga Kalambaina da tirelolin hanyar Gusau da ta Birnin Kebbi, idan suka wuce kusa, iskarsu tana tura keke, babbar jaka a gaba kuma tana kama iska kamar faifai. A riƙe hannu biyu da kyau, in hanya ta matse a sauka gefe a bar su su wuce. A liƙa abin ƙyalli a gaban jaka da bayan keke. Tsohon faifan CD ma yana yi.

Ga 'yan'uwa mata, a ƙauyukan da mata ke hawa, keken Japan mara sanda a tsakiya ya fi sauƙi da zani, kwandonsa kuma yana nan. A tattare bakin gyale da na zani kada su kai ga waya ko sarƙa. Mai goyo ta bar yaro a gida in da hali, in babu ta tafi a hankali, kayan gaba kuma su zama kaɗan.

Wurin ajiye keke ma akwai abin lura. Da zarar ka sauka ka sake shi, nauyin gaba yana juya taya gefe, keken ya faɗi da kayansa. A jingine shi da bango ko itace, ko a ja guntun roba daga tayar gaba zuwa jikin keke ta riƙe ta a miƙe. Wajen lodi a fara da baya a ƙare da gaba, wajen saukewa a fara da gaba.

Inda keke ɗaya ne na ikilisiya ko na ƙungiya, mutane da yawa suna karɓa, a naɗa mutum ɗaya mai duba shi kowace Asabar. Ya taɓa notin kariyar gaba da na gindin taya, ya matsa birki, ya duba ɗinkin madaurin jaka inda yake goga da ƙarfe. Gargada tana kwance noti a hankali, kuma notin kariyar gaba ne yake fara kwancewa. In babu wasa mai riƙe noti, a sa noti biyu a jere, na biyun ya danne na farko.